Aro ba garanto: ɗakin karatun unguwarmu a Ingila

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Duk wanda ya kira ni tambayarsa ba ta wuce uku: ya sanyi, nawa ake biya a awa, da gaske ne ba a ɗauke wuta. Waɗannan kun sha jin amsarsu a bakin wasu. Ni abin da ya tsaya min a rai tun da na kawo iyali ƙasar nan wani ɗan ginin jan bulo ne a bakin titin unguwarmu, a wani gari kusa da Manchester, tsakanin kantin magani da wurin tsayawar bas. Laburaren ƙaramar hukuma ne.

Ba karatu ne ya kai ni ba. Takardar neman makaranta zan fitar wa babbar 'yata, aka ce a can ya fi araha. Na tafi da ƙaramar, 'yar shekara huɗu, don uwarsu tana wurin aiki. Ina can ina fama da kwamfuta, yarinya ta sulale ta shige wani lungu da aka shimfiɗa wa darduma mai launi-launi, sai ga ta da littattafai rungume a ƙirji har tana tuntuɓe. Na daka mata tsawa na ce maza ta mayar, ba sayayya muka zo ba. Wata dattijuwa da ke bayan tebur ba ta jin Hausa, amma ta gane tsawa. Ta taso ta ce in ƙyale ta, ai don a tafi da su gida aka ajiye su. Na ce nawa ne? Ta ce ko kwabo. Na ce to wa zai tsaya mana, ni baƙo ne, ba ni da wanda zai sa min hannu a garin nan. Ta yi shiru tana kallona, ka ce ba ta taɓa jin irin tambayar ba. Suna ta nema, da ranar haihuwa, ta ɗan duba wata wasiƙa da ke aljihuna mai ɗauke da adireshinmu. Kafin takardar da na zo dominta ta gama fitowa, an miƙa wa yarinya kati, ni ma an ba ni nawa. Kowannenmu zai iya ɗaukar littafi ashirin, ya riƙe mako uku.

Ku da kuka san abin da ake sha kafin a ba mutum bashin buhun taki ɗaya, takardar mai unguwa, hoto biyu, da ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza da zai tsaya maka, ku auna yadda na fito daga wurin nan. Har muka isa gida ina jin kamar za a biyo mu a ce an yi kuskure.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ɗaya daga cikin littattafan ya sha kunun gyaɗa, shafi uku suka manne. Ranar mayarwa na saka fam goma a aljihu, na shirya ban haƙuri tun daga gida. Dattijuwar ta juya littafin, ta yi dariya, ta ce da ganinsa an ji daɗinsa. Ba sa cajin ɓarnar ƙananan yara. Ta jefa shi cikin wani kwali, ta tambayi yarinya wanne za ta ɗauka yau. Na tsaya da kuɗina a hannu. A nan na ji ma cewa ƙaramar hukumarmu ta daina cin tarar wanda ya makara da littafi, kamar yadda wasu da dama suka yi a 'yan shekarun nan, wai sun lura tsoron tara yana korar talaka, ya ƙi dawowa shi da littafin gaba ɗaya.

Kada wani ya ce Turawa ne masu kirki. Kuɗinmu ne. Duk wata sai an zare min harajin ƙaramar hukuma fiye da fam ɗari, ko da yake haya nake zaune, kuma duk wata sai na yi tsaki. Daga cikinsa ake kwashe shara, a kunna fitilun titi, a biya dattijuwar nan albashi. Kuma ba ganin dama ba ne: dokar da majalisarsu ta yi a 1964 ta ɗora wa ƙananan hukumomi wajibcin samar da ɗakunan karatu, ta kuma hana a karɓi kuɗin aron littafi daga mazauna yankin. Asalin abin ya fi haka nisa. Tun 1850 aka yi dokar da ta ba garuruwa damar ɗora ɗan haraji don wannan aiki, bayan an sha gardama a majalisa, Manchester kuwa ta buɗe nata a 1852.

Wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Andrew Carnegie, ɗan talakawa daga Sikotilan da ya yi arziki da ƙarfe a Amurka. Ya ba da kuɗin gina laburare fiye da 2,500, fiye da 600 daga ciki a Birtaniya da Ayilan. Amma ba ya zuba kuɗi haka kawai. Sai gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin ware kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara don kula da wurin. Garin da ya ƙi, ba gini. Mutumin nan da zai zagaya ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano, ya ga gine-ginen da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, aka kafa allo da sunan mai girma wane, yau awaki ke kwana a barandarsu, zai ce ai na faɗa.

Me ake yi a ciki? Littafi ma kusan shi ne ƙaramin abin. A ƙasar nan zama kuɗi ne. Ka shiga shagon shayi sai ka saya, ka zauna a gida mitar gas tana cin ka. Laburare ne kaɗai gindin darbejiyarsu, inda za ka wuni ba wanda zai ce me ka zo yi. A hunturun 2022, da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, ɗakunan karatu da yawa sun sanar cewa duk mai jin sanyi ya zo ya ɗumama, wasu har da shayi. Akwai kwamfutoci da intanet kyauta, kuma a ƙasar da neman aiki, da neman gida, da ganin likita duk sun koma waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga ma'aikaci ya zauna da wani tsoho ɗan Sudan kusan awa guda suna cike fom. Littafin da babu a reshenmu, sai a duba a kwamfuta, mota ta kawo shi daga wani reshe, a turo maka saƙo. Lokacin dogon hutu ana yi wa yara gasar karanta littafi shida, a ba su lambar yabo. Babbar 'yata ta rataye tata a jikin ƙofa, ba mai taɓawa.

A wurin aikina ma na gamu da su. Kun san kula da tsofaffi nake yi, gida-gida. Akwai wata tsohuwa da ƙafa ta daina ɗauka, ido ma ya yi rauni. Duk bayan 'yan makonni sai wani ɗan sa-kai ya ƙwanƙwasa ƙofa da jakar littattafai masu manyan baƙaƙe da waɗanda ake saurara, ya karɓi na baya, ya zauna su ɗan taɓa hira. 'Ya'yanta suna wani gari, sai Kirsimeti ake ganinsu. Ranar da na fara ganin haka ban san wanne zan ji ba, sha'awa ko tausayi. Iyata a ƙauye ba ta san bihim ba, amma ba ta taɓa cin tuwon dare ita kaɗai ba.

To, wurin yana da abin haushi, kuma ba kaɗan ba. Na farko, babu littafin Hausa ko ɗaya. Ga kantar Urdu, ga ta Larabci, ga ta mutanen Folan, ga ta Bangali, har Somaliyawa suna da ɗan lungunsu. Na tambaya, aka ce ba wanda ya taɓa nema, kuma su daga wurin dillalai suke saye, da lambar ISBN, wato lambar rajistar da ake gane littafi da ita a kasuwar littattafai ta duniya. Yawancin littattafan da ake bugawa a Kano kuwa ba su da wannan lamba, marubuci ne ke kai wa maɗaba'a da kansa, ya kai kasuwa da kansa. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, a kwamfutar dillalan nan kamar ba a rubutu da shi. 'Ya'yana suna cinye littafin Turanci kamar gara, Hausa kuwa sai a baki, ita ma tana ta sirancewa. Wannan yana ci min tuwo a ƙwarya.

Na biyu, lokutan buɗewa. Namu ba ya buɗewa Laraba da Lahadi, Asabar kuma rabin wuni, wato daidai lokacin da mai aiki ke da sarari. Su ma kuɗi ya yi musu ƙaranci: daga 2010 zuwa yau an rufe ɗaruruwan rassa a faɗin ƙasar, wasu an bar wa 'yan sa-kai. Ko Birmingham, da ta kashe kusan fam miliyan 190 a katafaren laburaren da Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, ba a yi shekara biyu ba ta zaftare awannin buɗewa daga 73 zuwa 40 a mako, ta sallami ma'aikata. A 2023 ƙaramar hukumar ta fito ta ce asusunta ya karye. Ashe ciwon gina abin da ba za a iya riƙewa ba, ba mu kaɗai ke da shi ba.

Sai hayaniya. Wanda ya zo neman shiru ranar da iyaye mata ke kawo jarirai ana musu waƙa da tafi, ya koma gida. Ga masu kwana a titi suna gyangyaɗi a kujera, wani lokaci da warin giya. Ga littattafan yara da sai na buɗe na duba kafin in bari a ɗauka, don tarbiyyarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Ga shi babu wurin sallah, alhali a watan Disamba ƙarfe huɗu ba ta cika ba magariba ta yi.

Duk da haka, in na tuna makarantar da na koyar a ƙauyenmu kafin in fito, sai raina ya ɓaci. An taɓa kawo mana kwalaye na littattafan karatu, sababbi fil. Hedimasta ya sa aka zuba su a sito, ya datse da kwaɗo, makulli a aljihunsa. Dalilinsa, in masu duba makarantu suka zo suka ƙirga aka ga babu ɗaya, shi za a tuhuma. Ba wanda zai tuhume shi don yara ba su karanta ba. Damina biyu, rufi ya yi yoyo, gara ta gama da sauran. Lissafi dai ya cika a takarda. Mu a wurinmu littafin da ya tsufa a kulle an adana shi, wanda ya yage a hannun yaro an yi asararsa.

Kuma kada a ce mutanenmu ba sa son karatu, wannan ƙarya ce. Kakanninmu sun taru an karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara buga ta a 1939. Hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, aka zo aka yi Yaƙi da Jahilci. Malaman zaure suna da littattafai cike da adaka, ɗalibi ya taka daga wani gari don ya kwafi guda. Matan aure kuwa su suka riƙe masu hayar littafi shekara da shekaru: yaro ya zagaya gida-gida da su a leda, a karanta a kwana ɗaya a mayar, ba garanto, ba takardar mai unguwa, kuma sana'ar ba ta mutu don sata ba. Yau sun koma karantawa a WhatsApp, suna biya ta tiransifa. Gidan kallon ƙwallo da shagon cajin waya ba sa rufewa a ƙauyenmu, don akwai mai buɗe ƙofa kullum, abincinsa a nan yake.

Abin da ya fi damuna yaran da ke gama sakandare. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaro daga ƙauye, ranar jarrabawa ce ranar farko da zai ɗora hannu a kan na'urar, a Dutse ko Haɗeja ko Kano, bayan ya kwana a tasha. Ɗaki ɗaya mai sola, da kwamfuta biyar, da tsofaffin tambayoyi, da fitilar da za ta kai ƙarfe goma na dare, zai canza wa yara da yawa sakamako.

Na kawo maganar a guruf ɗin ƙungiyar ci gaban garinmu. Na ce kuɗin da ake tarawa don gina ƙofar gari mai hasumiya, a rage wani abu a gyara tsohon ɗakin da ke jikin firamare, mu na waje mu ɗauki albashin wanda zai riƙa buɗewa, na shekara uku, a rubuce. Na ce a ba yara aro su tafi da shi gida, wanda ya ɓata ya ɓata. Yaya ne ya fara amsawa, ya ce: "Malam, shawara ta yi, Allah ya saka. Amma makullin a hannun wa zai zauna?" Wani ya ce gidan dagaci, wani ya ce ai ɗakin na makaranta ne, wani ya ce in dai ɗan unguwar gabas za a ɗauka shi ba ya ciki. Har yanzu ana kan makulli. Ƙofar gari kuwa an ce an kai linta.