Asterix ko Iznogoud, wanne za ka fara saya wa yaron?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga littattafan zane na Faransanci guda biyu wajen mai gwanjon littattafai, Asterix da Iznogoud, duka da sunan Goscinny a bango, kana tambaya ko abu ɗaya ne, kuma wanne ya fi dacewa da yaronka da ke koyon Faransanci. To ƴan uba ne dai, kowa da ɗakinsu. René Goscinny ne ya rubuta duka biyun, amma mai zanen Asterix Albert Uderzo ne, na Iznogoud kuma Jean Tabary.

Asterix shi ne babba, ya fara fitowa ranar 29 ga Oktoba 1959 a fitowar farko ta mujallar Pilote. Labarin wani ɗan ƙauye ne a tsohuwar ƙasar Gol, wato Faransa ta yanzu, shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa sun cinye ko'ina sai wannan ƙauyen ya gagare su, saboda bokansu Panoramix yana dafa musu wani tsimi da in mutum ya kurɓa sai ya watsa rundunar soja shi kaɗai. Asterix ɗan tsurut ne mai wayo, abokinsa Obelix kuma ƙato ne da ya faɗa tukunyar tsimin yana jariri, shi ya sa har yau ba a ba shi ko cokali ɗaya, kullum yana bin layi kullum ana koro shi. Kusan kowane littafi labari ɗaya ne dogo, yau suna Masar gobe Ingila jibi Sifen, ana tsokanar halin kowace al'umma kamar wasan taubasai, a ƙarshe a dawo gida a yi walima, a ɗaure mawaƙin garin a toshe masa baki don kar ya ɓata wa mutane dare.

Iznogoud kuwa a 1962 ya fito a mujallar Record, ya koma Pilote a 1968. Shi waziri ne a Bagadaza, gajere mai tsinin hanci da baƙar zuciya, burinsa ɗaya tak a duniya, ya zama halifa a madadin halifa, kuma maganar nan ta shiga bakin Faransawa har ƴan jarida na jifan ƴan siyasa da ita. Halifan, Haroun el Poussah, mutum ne mai teɓa da son barci, ko a mafarki bai taɓa zargin wazirinsa ba, kullum "Iznogoud ɗina na kirki" yake ce masa. Yawancin labaran farko gajeru ne, shafi takwas haka, kuma hanyarsu ɗaya: wani matsafi ko ɗan kasuwa zai sayar wa waziri abin da zai ɓatar da halifa, baransa Dilat Laraht ya ce ranka ya daɗe a bar maganar nan, ya ƙi ji, ƙarshe ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Nan bambancin yake a wurina. A Asterix kana bayan jarumin, shi ke cin nasara kana dariya tare da shi. A Iznogoud mugu ne tauraron, kai da kanka ka san zai faɗi tun shafin farko, daɗin shi ne ganin ta ina ramin da ya gina zai rufta da shi. Ni wallahi Iznogoud ya fi taɓa ni, don duk wanda ya zauna kusa da fada ko ofis ya san irin wannan mataimakin.

Amma ga mai koyo akwai matsala. Goscinny gwanin wasa da kalmomi ne, a Iznogoud kuma ya saki linzami gaba ɗaya, har sunaye. Iznogoud daga Turanci aka murɗo shi, ma'ana ba shi da kirki. Dilat Laraht daga wata karin maganar Faransanci ce ta yin dariya har ciki ya ƙulle. In ba ka kama irin waɗannan ba rabin dariyar ta wuce ka. Asterix ma yana da su, sunan mawaƙin nan Assurancetourix ai inshorar mota ce ta komai da ruwanka, sai dai zanen Uderzo yana ɗauke da labarin, yaro ko bai gane kalma ba zai ga Barume ya tashi sama ya bar takalmansa a ƙasa, ya sheƙe da dariya.

Abu biyu ka sani kafin ka miƙa masa. Bagadazar Iznogoud ta tatsuniyar Turawa ce, ba tarihin Abbasiyawa ba, ka gaya wa yaron haka tun farko. Asterix kuma akwai cin aladen daji da shan giya, sannan yadda aka zana baƙaƙen fata a ciki, da manyan leɓɓa jajaye, yana sosa mini rai har yanzu.

Bayan rasuwar Goscinny a 1977 masu zanen suka ci gaba kowa da nasa, amma ni na zamaninsa nake ba da shawara, ka duba bango ka ga sunansa a matsayin marubuci. Ka fara masa da Astérix et Cléopâtre na 1965, Iznogoud ɗin kuma ka saya ka riƙe a wajenka sai Faransancinsa ya yi ƙwari.