FPGA mai SRAM ko mai filash: wacce ce ba ta shan batir?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa na'urar awo da za ta zauna a gona da batir, ta farka ta yi awo ta koma barci, kana tambaya wace FPGA ce ta fi, mai SRAM ko mai filash. FPGA dai cif ne da kai ke tsara da'irar cikinsa bayan an ƙera shi, SRAM da filash kuwa nau'o'in ƙwaƙwalwar da ke ajiye tsarin ne.

Wutar da FPGA ke ci kashi biyu ce. Akwai ta aiki, wadda ke tafiya duk lokacin da sigina ya juya tsakanin 0 da 1. Tana hawa daidai da saurin agogo, wato bugun da ke tafiyar da aikin cif ɗin, kuma in ka rage boltej zuwa rabi sai ta dawo kwata. Sai kuma yoyo, wato wutar da tiransistoci ke zubarwa ko ba a sa su komai ba, wadda zafi ke ƙara wa ƙarfi. Akwatin da zai wuni a ranar Afrilu fa, kada ka yi masa lissafi da alkaluman da aka auna a digiri 25. Na'urar da yawancin rayuwarta barci ne, yoyon nan ne ke kashe mata batir.

Masu SRAM, irin na kamfanin Altera da na Xilinx (wanda AMD ta saya a 2022), suna ajiye tsarin da'irar ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. To ka ga zaɓi biyu gare ka, kowanne da kuɗinsa. Ka bar ta a kunne, ɗimbin ƙwayoyin SRAM suna ta yoyo. Ka kashe ta gaba ɗaya, duk farkawa sai ta sake loda tsarin daga wani cif na waje, lokaci ya tafi, wuta ta tafi, kafin a auna komai. In tana farkawa sau ɗaya a awa, lodin ba wani abu ba ne. In duk bayan 'yan daƙiƙu ne, lodin kaɗai zai iya fin awon cin wuta.

Masu filash, kamar IGLOO da PolarFire na Microchip, tsarin yana zaune a jikinsu ko wuta ta ɗauke, ana ba su wuta sun tashi. IGLOO tana da yanayin Flash*Freeze da ke riƙe abin da ke cikin rajista, wato ƙananan ma'ajiyan bayanan da take aiki da su, da 'yan mikirowat kacal. Sai dai in aikin mai nauyi ne, ba tsayawa, kamar sarrafa bidiyo, manyan masu SRAM sun fi su gudu da girma.

Kada ka raina iCE40 ta Lattice. Mai SRAM ce, amma ƙarama, yoyonta kaɗan, da araha, ga manhajojin tsara ta, Yosys da nextpnr, kyauta.

Ni dai in dole sai FPGA, kuma farkawar akai-akai ce, IGLOO zan ɗauka. Amma in awon bai wuce danshin ƙasa da zafi ba, ƙaramar maikirokwanturola, wato 'yar kwamfuta a cif ɗaya, mai barci mai nauyi ta fi su duka biyun arahar wuta da ta kuɗi.