Bita kan kundin nazarin labari na Jami'ar Hambog

Ɗalibin adabi da ya taɓa neman ma'anar kalmomin da masana ke amfani da su wajen feɗe labari ya san wahalar tattara su daga littattafai barkatai. Kundin da ake kira Handbook of Narratology ya rage wannan wahala ƙwarai. Kamfanin ɗab'i na De Gruyter ne ya fara buga shi a 2009, ya sake fitar da shi cikin juzu'i biyu a 2014, ita kuma cibiyar nazarin labari ta Jami'ar Hambog da ke Jamus, wadda ta haɗa masana daga fannoni daban-daban, ta sanya shi a intanet domin kowa ya karanta kyauta.

Tsarin babukansa iri ɗaya ne: a ba da ma'anar kalma a taƙaice, a yi mata sharhi, a bi tarihinta, sannan a nuna inda bincike bai kai ba tukuna. Wannan sashe na ƙarshe ya fi burge ni, domin mai neman taken digiri na biyu zai iya samun abin da zai kama a nan ba tare da ya yi ta lalube ba.

Sai dai ƙimar kundin ta fi fitowa a inda ya bar ajin adabi ya shiga asibiti da kotu. Akwai babi kan labari a aikin likitanci, fagen da likita Rita Charon ta kafa wa shiri a Jami'ar Kolambiya da ke Amurka a 2000, bisa hujjar cewa likitan da ya iya sauraron yadda majinyaci ke jera abin da ya same shi zai fi gane ciwon da mai ciwon. Akwai kuma babi kan shari'a, inda mai ƙara da wanda ake ƙara ke gina labari biyu a kan abu ɗaya, alƙali kuwa ya auna wanda ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Wanda ya taɓa zama a zauren sulhu ya ji yadda kowane ɓangare ke zaɓen inda zai fara ba da labarinsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Hatta kamfanoni da masana kwamfuta an ba su nasu gurbin.

Aibinsa biyu ne a ganina. Turancinsa yana da nauyi, kuma marubutan sun ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san manyan masanan fannin irin su Genette da Todorov, wanda ya raɗa wa fannin sunan narratology a 1969. Na biyu, misalansa sun karkata ga adabin Turai da Amurka, saboda haka mai nazarin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai sami ma'auni a ciki, amma shi zai nemo wa kansa misalai, ya kuma gwada ko ma'aunin ya dace da labarin da ake bayarwa da baki da dare. Bugun takarda yana da tsada, ya fi dacewa da ɗakin karatu na jami'a. Ɗalibi ya wadatu da na intanet.