Sabon gida daga kamfanin gini: banɗakin sama ne ya tona asiri

A ido, gidan nan ba shi da makusa. Ƙofofi na rufuwa lafiya, tagogi ba sa cijewa, har wayar ƙasa mai kare mutum daga jan lantarki an haɗa wa kowane soket, aikin da magina da yawa kan tsallake. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan yi.

Wata huɗu da tarewa sai tabo ya bayyana a silin ɗin falo, daidai ƙarƙashin banɗakin sama. Fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso a bango. Da aka ɗaga tayil biyu sai ga dalili: an manna su kai tsaye a kan daɓen siminti, ba a shafa maganin hana ruwa ba. Tayil shi kaɗai ba ya tare ruwa. Ruwan kan bi ta layin da ke tsakanin ɗaya da ɗaya, siminti ya sha, ya sauka ƙasa a hankali. Ƙa'ida ita ce a shafe daɓen duka da maganin, a hau da shi bango, musamman lungu da bakin bututu. Ga shi kuma daɓen bai gangara zuwa magudana ba, ruwan wanka sai ya kwanta a kusurwa ya kwana.

Abin haushin, gwajin kwana ɗaya ya isa ya kama wannan tun kafin a biya kuɗi. A toshe magudana, a zuba ruwa ya kai santimita 2 ko 3, a yi alama a bango, a bar shi awa 24. In ruwan ya ragu sosai ko silin ɗin ƙasa ya yi danshi, magana ta ƙare. A ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da mariƙin guduma, duk wanda ya yi amo kamar ganga to akwai rami a ƙarƙashinsa. Sabon fenti kuwa kada ya ruɗi kowa, shi ne ke ɓoye danshi.

In za a faɗi gaskiya, kamfanin bai yi gardama ba, cikin mako guda suka turo ma'aikata. Har zuciya ta fara sanyi. Ashe silin kawai suka kankare suka sake wa fenti, banɗakin ko taɓa shi ba su yi ba, tabon ya dawo inda yake. Da aka koma kan takardar yarjejeniya sai aka tarar garantin harsashi da ginshiƙai da rufi kawai ya ambata, alkawarin gyaran famfo da tayil duk na fatar baki ne. Wanda zai saya ya ɗauki injiniya nasa, ba na kamfani ba, su rubuta kowane aibi ɗaki bayan ɗaki, ɓangarorin biyu su sa hannu. Ya kuma nemi a rubuta cewa zai riƙe wani kaso na kuɗin, kamar kashi 5 cikin 100, har sai an gama gyara.

'Yan tsagewa sirara kamar gashi a jikin shafe ba abin tashin hankali ba ne, siminti ne ke bushewa. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga tana ƙara faɗi ita ce ta kiran injiniya, kuma wannan gidan ba shi da ita.

Ginin dai da ƙwari. Amma yanzu sai an fasa daɓen banɗakin gaba ɗaya an sake shi, kuma kamfanin ya ce wannan ba ya cikin takarda.