Bashin Karatu na NELFUND: Yadda Yake ga Ɗaliban Kwalejin Ilimi

An buɗe shafin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, a watan Mayun 2024 ga makarantun tarayya, daga baya na jiha suka biyo. Ɗalibin NCE, wato takardar shaidar malanta, a kwalejin gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, yana iya neman bashi marar ruwa. Rashin ruwan shi ne babban abin yabo, domin ya kwantar da hankalin iyaye masu gudun riba.

Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa kwaleji, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Na kashewa, naira 20,000 a wata, shi ke shiga asusunsa. Yana rage zafi, amma ba zai ɗauki abinci da kuɗin mota lokacin koyon koyarwa ba.

Inda ake yawan maƙalewa biyu ne. Idan kwaleji ba ta ɗora bayanan ɗalibi ba, shafin ba zai gane shi ba. Haka idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin NIN, BVN da lambar JAMB. A gyara su kafin a cike komai.

Biya kashi 10 ne na albashi, wanda a albashin malamin firamare ba ƙaramin gibi ba ne. Don haka a fara neman tallafin karatu na jiha, tunda shi ba a mayarwa.