Kafin ka biya kuɗin hawan Kilimanjaro: wace hanya, kwana nawa, kuma a hannun wa

Tunda na dawo daga Tanzaniya mutane ke ta tambayata wace hanya ce ta fi a hawan Kilimanjaro, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Sau biyu na je, na farko ban kai ƙololuwa ba, na biyu Allah ya nufa na taka Uhuru, wato ƙololuwar dutsen, mita 5,895, inda babu wurin da ya fi shi tsayi a duk Afirka, na tsaya ina kallon ƙanƙarar nan da ta daskare shekara da shekaru ta zama kamar katanga. Masana sun ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da ke saman a 1912 ya riga ya tafi, don haka mai niyya ya daina jan ƙafa.

Dutsen yana cikin gandun daji na gwamnati ne wanda aka kafa a 1973, kuma doka ba ta yarda ka hau kai kaɗai ba, dole sai da jagora mai lasisi ta hannun kamfani. Kenan abu biyu za ka saya, hanya da kamfani.

Ni dai hanyar Lemosho ta kwana 8 nake ba kowa shawara, kuma ba na ɓoyewa. Ta yamma ake shiga, ranar farko cikin kurmi mai duhu da birai har zangon Mti Mkubwa, washegari ka fito filin Shira, wani shimfiɗaɗɗen fili a saman dutse da za ka yi ta tafiya kana hango Kibo, babban tsaunin da Uhuru ke samansa, da farin kansa a gabanka. Amma ba kyan wurin ne ya sa na zaɓe ta ba, lissafin tsayin ne. Abin da ke mayar da mutane gida a dutsen nan ba gajiyar ƙafa ba ne, ƙarancin iska ne, jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, mu kuwa da muka taso a Kano da ba ta kai mita 500 ba sai a hankali, ko Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya mita 2,419 ne kawai, bai kai zangon farko na wasu hanyoyin ba. A Lemosho akwai ranar da za ku hau har Lava Tower, wani curin dutse a wajen mita 4,600, ku ci abincin rana kanku na sarawa, sannan ku gangaro zangon Barranco ƙasa da mita 4,000 ku kwana, wallahi da safe sai ka ji kamar an canza maka huhu. Daga nan ku kama katangar Barranco da hannu da ƙafa, ba ta buƙatar igiya, tsoronta ya fi wahalarta, sai zangon Karanga, sai zangon Barafu inda ake tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa. Jagororin ba su da magana sai pole pole, wato sannu sannu da Suwahili, kuma gaskiyarsu ne, sannu ba ta hana zuwa. Rana ta fito mana ta bayan tsaunin Mawenzi muna dab da Stella Point, inda ake fara taka bakin saman Kibo, daga nan kamar awa ɗaya zuwa Uhuru.

Machame ta kwana 7 ba laifi, tana haɗuwa da Lemosho kafin Lava Tower, sai dai cunkoso kamar kasuwar Kurmi ranar jajibiri. Rongai ta arewa ce wajen iyakar Kenya, ruwan sama bai cika damunta ba, in dole sai a watan damina za ka je to ita. Umbwe ta miƙe tsaye da yawa, ba ta sabon shiga ba ce. Northern Circuit kwana 9, mai kuɗi da lokaci ya gwada.

Sai Marangu, wadda ta ƙona ni. Ita kaɗai ce mai ɗakunan kwana maimakon tanti, shi yasa ake tallata ta da cewa ita ce mai sauƙi, kuma ta kwana 5 ta fi kowacce arha. Ka duba lissafin da kanka: zangon Mandara wajen mita 2,700, na Horombo 3,700, na gindin Kibo 4,700, kullum ana ƙara maka mita dubu babu hutu, a dare na uku a ce ka tashi ka nufi sama. Ni amai na fara tun a zangon Kibo, kafin Gilman's Point, inda wannan hanyar ke isa bakin saman dutsen, ƙafata ta daina bin umarnina, aka juyo da ni. In har ka nace sai Marangu to ka biya ta kwana 6 mai ƙarin kwana a Horombo, kar ka bari kowa ya lallashe ka da ta 5.

Yanzu maganar da ta fi ci min rai, 'yan damfara. Kuɗin da hukumar gandun ke karɓa a bayyane yake, lokacin da na je dala 70 ne kowace rana, dala 50 kowane dare na tanti, dala 20 na ceto, ga harajin kashi 18 a kai, in ka haɗa na kwana 8 ya haura dala dubu tun ba a sayi ko buhun shinkafa ba, ba a biya jagora da kuku da 'yan dako ba. To wanda ya ce zai kai ka da dala 1,200 komai da komai, daga ina zai cike? Daga cikinka da kuma haƙƙin 'yan dako. Kamfanin da na bi a karon farko haka suka yi min, a WhatsApp muka gama magana, hotuna masu kyau, na tura kafin alƙalami ta asusun wani mutum ba na kamfani ba, da na sauka Moshi, garin da ke gindin dutsen, sai na tarar ashe dillali ne, ya sayar da ni ga wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Jakar barcin da suka ba ni haya an rubuta tana jure sanyi mai tsanani, ashe jabu ce, tambarin kawai aka ɗinka, a Horombo na kwana ina karkarwa da duk kayana a jiki. Tukunyar iskar oksijin da suka nuna min a ofis ban sake ganinta a dutsen ba, ɗan abin auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa kuma babu batir. Abin da ya fi tsaya min a zuciya wani yaro ɗan dako da na gani da takalmin roba a wurin da ruwa ke daskarewa, ƙa'ida kilo 20 ce amma kayan da ke kansa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Don haka dan Allah kafin ka tura ko sisi, ka nemi lasisin kamfanin, ka biya ta asusun kamfani, ka duba ko suna cikin jerin KPAP, ƙungiyar da ke sa ido kan yadda ake biyan 'yan dako da ciyar da su. Ka tambaya a rubuce: jagora nawa ga mutum nawa, sau nawa ake auna mutum a rana, kuɗin gandun yana ciki ko a'a, kwana nawa a kan dutsen banda na otal, don wasu suna ƙirga daren Moshi su ce maka kwana 8 alhali 6 ne. Kayan haya kuma ka buɗe su da hannunka a gari, ka ja zif, ka shiga cikin jakar, ka sa a buɗe tukunyar oksijin a gabanka. Har takardar shaida ana yin ta bogi, ta gaskiya hukumar gandun ce ke bayarwa bayan ka sauko ka sa hannu a ƙofar fita, mu ta Mweka muka fito.

Lokaci mai kyau Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba, Afrilu da Mayu ruwa ne. Ka tafi da katin rigakafin shawara, ka nemi biza da wuri. Kuma mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, ka san rukunin jininka kafin ka sayi tikiti, mai SS kada ma ya fara, mai AS ya zauna da likita tukuna don ƙarancin iska a irin wannan tsayin yana iya taɓa saifa, a nan ne kuma za ka tambaye shi batun Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi. Tukuicin ma'aikata ka ware shi daban a ambulan, ranar ƙarshe ka miƙa wa kowa nasa a hannunsa, kar ka damƙa wa mutum ɗaya ya raba.