Ƙararrawar Tsaro ta Kamfani a Motocin Toyota: Iya Inda Kariyarta Ta Tsaya

Ƙararrawar da ke zuwa da wasu Camry da Corolla na tokunbo tana dogara ne da makunnin ƙofofi, bonet da but. Idan ɓarawo ya fasa ƙaramin gilashin baya ya zura hannu ya ɗauke jaka, shiru kake ji, domin ba a buɗe ƙofa ba. Madubin gefe ma haka ake kwance shi.

Gwajin ba wuya: sauke gilashi, kulle da rimot, jira daƙiƙa 30, ka buɗe ƙofar daga ciki. In hon bai yi ihu ba, babu ƙararrawa ko ta mutu. Mai kuka da tsakar dare kuwa, galibi makunnin bonet ne ya yi tsatsa.

Abin yabawa shi ne imobilaiza, na'urar da ke hana inji tashi sai da mukullin da motar ta sani. Mukullin da aka yanka babu guntun lantarki a ciki ba zai tada inji ba. Motoci masu maɓallin tayarwa suna da rauni: ɓarawo na iya janyo siginar mukullin daga cikin gida ya tada motar, don haka a ajiye shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a kuma ƙara makullin sitiyari.